Yadda Mai Wanki Ta Ɓata Sunan Garinmu

Yau da safe hukuma ta yi mini fenti. Ba habaici nake yi ba, mai shakka ya zo ya duba ƙafafuna.

Ina tsaye ne a layin tukunyar gas tun rana ba ta yi zafi ba. Kun san gobe za a zo daga babban birni a miƙa wa garinmu kofin tsafta, saboda haka an saki ma'aikata da bokitai, da umarni guda: duk abin da ke bakin titi wanda ba ya motsi, a shafe gindinsa da farar ƙasa. Sun shafe itatuwa, sun shafe turakun lantarki, sun shafe wata motar haya da ta mutu tun mijina yana raye. Layinmu kuwa, Allah shaida, ya fi turakun lantarki tsayuwa wuri ɗaya. Ina gyangyaɗi a tsaye, hannuna a kan tukunya, sai na ji sanyi a idon sawuna. Ina dubawa, ga bawan Allah a durƙushe da buroshi, ya gama da ƙafar hagu da gefen sarina, wato zanen da ke jikina, yana neman ta dama.

Na ce, "Kai ɗan nan, me na yi maka?"

Ya ɗago a firgice, ya kira ni uwa da ladabin garinmu. "Amma-ji, ki yafe ni! Ban ga kin motsa ba."

"In motsa in je ina? Na gabana ma bai motsa ba."

Ya leƙa na gabana, ya leƙa bokitinsa. Na ga alamar lissafi yake ko farar ƙasar za ta isa.

Gas dai ban samu ba. Na dawo gida da ƙafa ɗaya ta hukuma, ɗaya tawa. A bakin ƙofa na tarar da maƙwabcina Tiwari-ji, tsohon akawun jirgin ƙasa, mutumin da ya yi imani cewa duk abin da aka buga wa hatimi gaskiya ne, ko da an rubuta cewa shi kansa ya rasu. Ya kalli ƙafata, ya kalli hagu da dama, ya rage murya, ya kira ni malama kamar yadda duk unguwa ke kirana.

"Ustani-ji, kada ki sa wannan a jaridar nan da kike wa rubutu."

"Saboda me?"

"Za a ce kin ɓata sunan gari. Kin manta abin da ya sami Dulari?"

Ban manta ba. Tunda kuma ya tsokano, bari ku ji.

Dulari ita ce mai wankin unguwarmu, da ma rabin gidajen manya da ke tsallaken gada. Tana da dutsen wanki a bakin rafi, mai lamba, wanda ta gada daga surukarta, ita kuma daga tata surukar. Wanda ba shi da dutse a wurin ba shi da sana'a, domin hukuma ba ta yarda a yi wanki a wani wuri ba. Da dutsen nan take ciyar da 'ya'yanta da mijinta, wanda ruwan rafin ya cinye masa fatar ƙafafu har ya daina shiga. Ba ta taɓa faɗin sunansa a gabana ba, baban Munni kawai take cewa, da sunan 'yarsu, kamar yadda matan kirki ke yi.

Rafin nan da can ana ganin tsakuwar ƙasansa. Sai aka gina wa manyan ma'aikata sabuwar unguwa a sama da mu, mai fitilu da furanni, aka rasa inda za a kai bututun masansu, sai Allah ya haska wa wani injiniya rafi. Tun daga lokacin duk zanen gadon da ya je wanki fari yakan dawo da launin shayin tashar jirgi. Mun yi gunaguni, mun saba, mun koma sayen zane mai duhu. Talaka da dabara aka haife shi.

Da alƙalan gasar suka zo zagayen farko, an bi gida-gida an koya wa kowa amsa. In aka ce yaya garinku, ka ce fes. In aka ce shara fa, ka ce ana kwashewa kullum. An kafa koren yadi mai tsawo an rufe bakin rafi, aka zana masa agwagi. Abin da aka manta shi ne Dulari tana shanya a kan katangar gada, inda kakannin mijinta suka saba shanya, kuma ba wanda ya tuna ya koya mata amsa. Wata alƙaliya mai tabarau ta sa aka tsayar da mota, ta taɓa zane, ta kai hanci, ta tambaya. Dulari kuwa ta buɗe baki.

"Ruwan ne, Madam-ji. Ko kare in ya zo sha sai ya yi tunani ya fasa. Ɗaga yadin nan ki gani, agwagin na fenti ne, na gaske sun yi hijira."

Baki dai shi ke yanka wuya. Ba a daɗe ba sai ga ta a gidana da takarda a ƙulle a gefen mayafi, ta zauna a ƙasa.

"Ustani-ji, karanta mini. Da Turanci suka rubuto, na san ba alheri ba ne. Alheri da harshenmu suke faɗa, ranar zaɓe."

Na yi shekaru ina koyar da Turanci a makarantar 'yan mata har alli ya cinye mini huhu, amma ban taɓa ganin an tara kalmomin ƙazanta a shafi ɗaya kamar ranar nan ba. Ba zan ɗora muku su a nan ba, sun ishe ni. Zan dai gaya muku asalinsu, don na san su kamar yadda na san jikokina. Akwai wadda aka yi wa azurfa, in ta daɗe a akwati ta dushe. Akwai ta baƙin hayaƙi da ke manne wa mai shara. Akwai ta nama in ya fara juyawa. Akwai ta ɗigon tawada a kan farar takarda, akwai ta shafa maiƙo, akwai ta watsa laka. Kowacce a hannun mai aiki aka haife ta, a wurin da akwai wari da tsumma. Turawa suka kawo su, da za su tafi suka bar su a ofis tare da fanka da ƙararrawar kiran masinja. Yanzu a garinmu ba a amfani da ko ɗaya a kan abin da hanci ke ji. Kashin da ke shiga rafi sunansa ƙalubale. Tulin shara sunansa aikin da ke gudana. Kalmomin ƙazanta duk an ajiye su don suna, kuma sunan manya kaɗai, domin ban taɓa jin an ce wani ya dusashe martabar mai tura riksha, keken ɗaukar fasinja, ba.

To duk waɗannan Dulari ta yi, in ji takarda. Ta dusashe, ta baƙanta, ta ɗiga, ta shafa, ta watsa. Mace ɗaya, da rana tsaka, da kwandon wanki a ka. In ba ta janye maganarta a rubuce ba kafin alƙalai su dawo, za a soke lambar dutsenta a ba wani.

Na fassara mata a hankali. Ta ce, "Ni da nake wanke su, ni ce na ɓata su?"

"Ba su ba. Sunan gari."

"Ina yake, in gan shi? In tabo ne a kawo, da lemon tsami da gishiri zan fitar."

Na ce mata wannan ba ya wankuwa a dutse. Manya sun ce mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Ni dai ina da ja a kan wannan. A tsawon rayuwata na ga mutuncin da ya zube har ya shiga lambatu, aka zo da lauya da ɗan jarida aka kwashe shi tas, aka mayar kwalba, aka kuma tsayar da mai shi takara. Madarar talaka ce kawai ƙasa ke shanyewa.

Na ce mu rubuta musu gaskiya, mu ce a zo a ɗebi ruwan a gwada. Har na ɗauko alƙalami. Dulari ta riƙe mini hannu.

"Ustani-ji, ke kina da fansho. Gaskiyar nan taki za ta gasa mini gurasa? In dutse ya tafi, a kan kanki zan yi wanki?"

An ce gaskiya dokin ƙarfe ce. Wataƙila. Amma wanda ya faɗi haka bai ce wa zai sayi ciyawar ba, kuma ban taɓa ganin mai wanki a kan doki ba. Na ajiye wa'azina, na sa takalmi, muka tafi ofis.

Wanda ya rubuta takardar ba baƙo ba ne. Omkar ne, wanda na koyar a gida lokacin yana saurayi, sau uku yana faɗuwa jarrabawar Turanci. Yau shi ne Babu Omkar, wato akawu a harshenmu, da teburi, da tawul a bayan kujera, da wani ƙaton ƙamus na kalmomi masu ma'ana ɗaya da ya dogara da shi kamar gurgu da sanda. Bangon da ke bayansa kuwa ja wur da yawun ganyen pan da ake taunawa kamar goro, daidai ƙarƙashin allon da ya ce kada a tofa. Ya tashi ya taɓa ƙafata, don ba a rasa shi da ladabi ba.

"Ustani-ji! Kin ga takardata? Yaya Turancin?"

"Ya yi yawa, ɗana. Kalma ɗaya ta isa kashe mutum, me ya kai ka ga buhu?"

"Sahib, shugaban gari, ya ce a sa nauyi."

"Shi Sahib ɗin ya je ya ga rafin?"

Ya ɗaga hannu biyu. "Ustani-ji, rafi na sashen ruwa ne. Bututu na sashen gini. Wari na sashen lafiya. Ni suna kawai ke hannuna."

Dulari ta haɗa hannuwa ta ce ta tuba, a yafe mata, harshe ne ya zame. Omkar ya girgiza kai cikin tausayi. Ya ce tuban da aka yi da harshen gida ba ya shiga fayil, sai an yi shi da Turanci, an dangwala yatsa. Na zauna na rubuta layi uku, cewa ta yi kuskure. Ya karanta ya ce ya yi rama, Sahib yana son abu mai ƙiba. Ya jawo ƙamus ya juya zuwa ɓangaren tsafta, ya yi ta zuba: ruwan rafin garau ne, tsarkakakke, marar aibi, mai sheƙi, wanda ya dace da kowace irin tufa komai darajarta. Yana rubutu yana lashe baki kamar mai cin alewa.

Dulari ta ce a maimaita mata na ƙarshen da harshenmu. Na maimaita.

Ta dubi Omkar. "Babu-ji, kowace irin tufa?"

"Kowace iri."

"Komai darajarta?"

"Haka hukuma ta ce. Ke kuma haka kika ce. Kawo yatsa."

Ta dangwala, har da murzawa don ya kama sosai. Ya buga hatimi. Ta roƙi a ba ta nata kwafi, ta naɗe shi ta cusa a rigarta.

A cikin riksha muna dawowa ina ta huci, ita kuwa sai na ga tana murza wuyanta tana murmushi.

Na ce, "Ke, an sa kin ƙaryata hancinki, kina dariya?"

"Wuyana nake taya murna, Ustani-ji."

Sai ta gaya mini abin da na zauna shekaru a unguwar nan ban sani ba. Tun da rafi ya lalace, masu wanki ruwa biyu suke da shi. Kayanmu na talakawa rafi suke zuwa. Fararen rigunan manya kuwa, waɗanda ake sakawa a hau dandamali, ba su taɓa ganin rafi ba. Daga rijiyar tsohon gidan ibada, can bayan kasuwar hatsi, ake ɗauko musu ruwa a ka, tulu-tulu, a wanke su a gefe cikin baho, a sa bula, a sa sitati. Ba wanda ya umarce su, ba wanda ya ƙara musu ko sisi. Tsoro ne kawai da al'ada: babba da fari aka san shi, in rigarsa ta dushe mai wanki ce za ta sha mari.

Na ce, "Wato zanen gadona a kashi, rigarsu a rijiya?"

"Ke ba kya mari, Ustani-ji."

Mai riksha ya yi dariya har ya kusa shiga rami.

Abin da ya biyo baya a bakin Tiwari-ji na fara jin sa, domin ba ya fashin taron hukuma, ko na buɗe famfon da ba ruwa ne. Ya ce Sahib ɗin nan shugaban gari, Mai Girma Uban Tsafta, Garkuwan Furanni, Mai Almakashin Yanke Kirtani, ya hau dandamali da riga mai launin shayin tashar jirgi. Da alama a gaggauce ya saka ta, kuma ba a haifi hadimin da zai ce wa Sahib rigarka ta yi kaza ba. Da rana ta ɗaga, gumi ya taso, sai rigar ta fara jawabi tun kafin mai ita ya fara. Na sahun gaba suka fito da hankici kamar masu kukan daɗi. Ba wanda ya ce uffan. Wa zai ce akwai wari? An ga abin da ya sami wadda ta faɗa.

"Ustani-ji, wari ne ko ba wari ba, ni ban sani ba," in ji Tiwari-ji. "Ba a sanar ba tukuna."

Ya ƙara da cewa kafin mako ya zagayo, ƙananan ma'aikata biyu sun je wurin tela suna neman yadi mai wannan launin, don sun ɗauka sabon yayin manya ne.

Teburin gugar Dulari yana ƙarƙashin bishiyar da ke fuskantar barandata. Saboda haka ina zaune ina tsintar shinkafa na ga doguwar mota ta tsaya, Uwargidan Mai Girma ta fito da kanta, awarwaro har gwiwar hannu, direba na biye da ƙunshin riguna a nesa da hancinsa. Na ajiye tire na sauko. A shekaruna ba a jin kunyar kallo.

"Ke! Mene ne wannan?"

Dulari ta ajiye dutsen guga, ta haɗa hannuwa. "Rigunan Sahib ne, Memsahib. An wanke, an sa sitati, an goge."

"Wannan launin fa? Wannan ɗoyin fa?"

"Wane ɗoyi, Memsahib?" Ta waiga gare ni, idanunta kamar na ɗan maraƙi. "Ustani-ji, kin ji wani abu?"

Na ce ni tsohuwa ce, hancina ya yi ritaya tare da ni.

"A ina kika wanke su?"

"A rafi, inda hukuma ta ba ni dutse."

"A wannan ƙazamin..."

"Memsahib!" Dulari ta dafe ƙirji, ta leƙa titi. "Rufa wa kanki asiri! Ni da na faɗi haka saura kaɗan 'ya'yana su kwana da yunwa. Ruwan nan garau ne, mai sheƙi, ya dace da kowace irin tufa komai darajarta. Ga shi nan da Turanci, ga hatimi, ga yatsana. Ustani-ji, karanta wa Memsahib, ko da yake ita ta yi makaranta."

Uwargida ta karɓi takardar, ta karanta, ta sake karantawa. Na ga leɓenta yana motsi a kan manyan kalmomin Omkar. Ta ce za ta kai kayan wurin wani mai wankin. Dulari ta ce to madalla, ga Bansi can a dutse na gaba, ga matar Kallu, duk sun ji abin da hukuma ta ce, duk sun daina wahalar rijiya, don ba mai son a ce ya raina ruwan gari. Uwargida ta ce tana da injin wanki a gida. Dulari ta ce injin albarka ne, sai dai bai iya sitatin da ke sa riga ta tsaya da kanta a kan dandamali ko da mai ita ya yi laushi ba.

Mota ta tafi. Ƙunshin riguna ya zauna.

Yanzu mai karatu zai ce, to, an gyara bututun. Allah ya ba ka lafiya, kai baƙo ne a duniya. Gyaran bututu yana nufin an yarda akwai bututu, wannan kuwa ɓata sunan gari ne da hannun hukuma. Bututu yana nan yana aikinsa dare da rana, shi kaɗai ne ma'aikacin da bai taɓa zuwa hutu ba. Abin da aka yi shi ne, kowace safiya tankar ruwa mai sanyi takan zo ta tsaya daidai dutsen Dulari, da ɗan sanda mai kulki a kan bututunta. An rubuta a jikinta cewa ruwan ban furanni ne. A gaskiya na wankin rigunan manya ne kaɗai, ɗan sandan yana nan don kada wani ɗan unguwa ya yi kuskuren sha. Maganar soke lambar dutse kuwa ta bi ruwa. Omkar ya ce fayil ɗin yana sashen da ke neman fayilolin da suka ɓata. Alƙalai suka dawo, suka ga agwagin fenti, suka karanta tuban Dulari, suka ba mu na biyu a lardi, kofinsa ne za a miƙa gobe. Ina tausaya wa na uku.

Amma umarnin ɗan sanda a kan ruwan da ke fitowa daga tanka ya tsaya. Ba a ce masa komai a kan wanda ya riga ya ratsa rigar Sahib ba. Dulari kuwa ba ta zubar da ɗauraya. Baho-baho take tarawa, kuma tun da ta gano rigunan manya na buƙatar ɗauraya sau da yawa, saboda darajarsu, bahon ba ya ƙarewa. Na farko na baban Munni ne, yana jiƙa ƙafafunsa, har fata ta fara tsirowa. Sauran matan unguwa ke layi da bokitai, su wanke kayan makarantar yara da zanen jarirai. Jiya an dawo mini da zanen gadona fari, fari na gaske, har na tsaya ina kallonsa kamar wani ɗan'uwa da ya daɗe a tafiya.

Saboda haka, ya ku masu girma, iyayen tsafta, ga roƙon tsohuwa. Gobe in an miƙa kofi an zauna walima, kada ku ji nauyin kowa. Ku ci da hannu biyu, ku bar miya ta ɗiga a gaban riga, ku goge maiƙo a hannun riga, ku tofa pan iska na kaɗawa. Iya ƙazantarku, iya ruwanmu. Wannan ne karo na farko da na ga dauɗar manya ta amfani talaka, kuma na san ku, ba za ku ba mu kunya ba.